Jagorar zaɓen keke da kayan zango ga mai shirin doguwar tafiya daga Damagaram

Tun da matasan Damagaram suka fara ɗaukar hawan keke a matsayin abin da ya wuce zuwa makaranta da aiken kasuwa, tambayoyi iri ɗaya masu karatu ke ta maimaitawa: wane keke ne zai kai mutum Gure ko Tasawa ya dawo da shi lafiya, me ake ɗaura masa, ina ake kwana, kuma nawa abin zai ci. Amsar da zan bayar ta ginu ne a kan abu guda. Keken da ya dace da doguwar tafiya a ƙasarmu shi ne wanda mai facin da ke zaune a gindin dogon yaro a bakin tashar ƙauye zai iya gyarawa da abin da ke cikin akwatinsa, ko da kuwa akwai wanda ya fi shi ƙyalli da rashin nauyi a shago. An jera matakan bisa yadda ya kamata a bi su, domin wanda ya fara da sayen keke kafin ya san hanyarsa yakan saya sau biyu.

Mataki na 1: Tsai da hanya da lokaci

Kafin ka taka kasuwa, ka zauna ka rubuta inda za ka da watan da za ka tashi. Babbar hanya mai lamba 1 ita ce ta ratsa gari daga yamma zuwa gabas. Ta yamma Takeita na wajen kilomita 50, Tasawa 110 da ɗoriya, Maraɗi kusan 240. Ta gabas Mirriya ba ta kai kilomita 20 ba, daga nan sai Gidimuni da Gidigir, sannan Gure a kilomita 160 da ɗoriya. Hanya mai lamba 11 kuwa ta yi arewa zuwa Tanut, wajen kilomita 150, ta kuma yi kudu zuwa Magariya. Wanda zai tsaya kan kwalta buƙatarsa daban ce da ta wanda ke son ya sauka ya bi hanyoyin amalanke zuwa ƙauyuka, inda rairayi ke cin ƙafar keke har sai an sauka an tura.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 da rana, kuma hawan keke da kaya a irin wannan yanayi ganganci ne ga wanda bai saba ba. Sai dai lokacin sanyi ma yana da nasa sharaɗi, wato iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas. Mai nufar Gure ko Tanut da ita zai yi ta kokawa gaba da gaba, mai nufar Tasawa kuwa tura shi za ta yi, ya biya bashin a dawowa. Sabon shiga mai ɗauke da kaya ya lissafa kilomita 50 zuwa 70 a yini, ya rage idan iska na gabansa.

Gargaɗi: kada ka tsara tafiyar da ta wuce Gure ta nufi yankin Difa, ko ta wuce Tanut ta yi arewa, ba tare da ka tuntuɓi jandarmomi da direbobin da ke bin hanyar a makon ba. Idan suka ce a dakata, a dakata.

Mataki na 2: Raba kuɗin tun a gida

Farashin keke da kayan gyaransa na hawa da sauka, musamman da yake kaya da yawa daga Najeriya ake shigo da su kuma suna bin canjin naira, don haka lissafin kaso ya fi amfani a kan kama farashi guda. A kowace jika 100 da ka tanada, shawarata ita ce kada keken kansa ya ci fiye da jika 50. A ware jika 20 domin sababbin tayoyi da tub da ladan makanike, jika 15 domin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a bayan keke, da jakunkuna, jika 10 domin kayan kwana da girki, saura jika 5 ta tafi ga kayan gyara da fitila. Guzurin hanya ba ya cikin wannan lissafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba kuɗin duka a keke mai kyan fenti, a fita da tsofaffin tayoyin da ya zo da su, kafin a kai Takeita an yi faci uku.

Mataki na 3: Zaɓen irin keke

Kusan iri huɗu za ka tarar a kasuwar Dole da shagunan masu sayar da keke a cikin gari. Na farko shi ne baƙin keken gargajiya marar giya, irin su Phoenix na Sin da Hero na Indiya, wanda masu tallan kaya da manoma suka daɗe suna ɗora wa buhu. Yana da ƙarfi, kowane mai gyara ya san shi, kuma a kan kwalta mai shimfiɗe zai kai ka inda za ka, amma nauyinsa ya kai wajen kilo 20 tun kafin a ɗora komai, ga rashin giya da zai sa iskar hunturu ta sha gwiwarka, ga birkinsa na sandar ƙarfe da ba ya kamawa sosai idan kaya sun yi nauyi. Na biyu shi ne keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, wanda bai dace da wannan aiki ba sam, tunda ba shi da wurin ɗaura kariya kuma tayarsa ba ta jure rami da tsakuwa. Na uku shi ne sabon keke mai araha mai sifirin gaba da baya, wanda ke jan idon yara. Sifirin ɗin na cinye ƙarfin da kake sa wa feda, yana ƙara nauyi, kuma na baya yana hana kariya zama daram. Ka wuce shi.

Na huɗu, wanda nake ba da shawara, shi ne keken hawan dutse na hannu, irin tsofaffin da ake shigowa da su daga Turai, mai gangar jikin ƙarfe, marar sifirin, mai taya inci 26 da giya uku a gaba, bakwai ko takwas a baya. Ƙarfe idan ya tsage mai walda na kowane babban ƙauye zai haɗa shi ka ƙarasa gida, alhali alminiyum sai na'ura ta musamman. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, idan ya manne a jikin keken ƙarfe ne. Taya da tub na inci 26 sun fi na 27.5 da na 29 sauƙin samu a garuruwan kan hanya. Birki kuma a zaɓi mai waya da robar da ke matse rim, wato zoben da taya ke zama a kansa.

Gargaɗi: birki mai faifai da ke aiki da mai yana da daɗin kamawa, amma ranar da bututunsa ya huje tsakanin Gidimuni da Gidigir da wuya ka sami mai gyara shi.

Mataki na 4: Duba keken kafin a yi ciniki

Ka tafi da rana tsaka lokacin da haske ya isa, kuma idan da hali ka ɗauki makaniken keke da ka yarda da shi ka biya shi ladan rakiya. Fara da gangar jiki: bi kowace mahaɗa da ido da yatsa, musamman ƙarƙashin wuya da wurin da feda ke juyawa, kana neman tsaga, kumburin fenti ko sabuwar walda da aka rufe da fenti. Tsaya a gaban keken ka dubi ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar gaba, idan sun koma baya to keken ya taɓa yin karo. Sassauta sandar sirdi ka ga tana hawa tana sauka, domin wadda tsatsa ta kama ba za ta bari ka daidaita tsawo ba.

Daga nan ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, ka zuba ido a tsakanin rim da robar birki. Ɗan rawa kaɗan makanike zai gyara ta da ɗaure wayoyin ƙafa, amma rim da ya lotsa ko ya cinye har gefensa ya yi kwari sai canji. Ƙirga wayoyin ƙafar baya: 36 sun fi 32 ɗaukar kaya. Kama taya ka girgiza ta gefe da gefe, haka ma hannun feda, idan ka ji ƙwas-ƙwas boris ya saki ko ya ci. Ja sarƙa daga gaban babban faranti mai haƙora da feda ke juyawa, idan ta ɗago har ka hango haƙori a ƙarƙashinta ta miƙe, kuma sarƙar da ta miƙe yawanci ta riga ta cinye haƙoran baya, sai a sa kuɗin duka biyun cikin ciniki. A ƙarshe ka nemi ƙananan ramukan noti kusa da gindin ƙafar baya da kuma ƙasan sirdi, domin nan kariya ke zama.

Girma ma a nan ake duba shi. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, ya zama akwai tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninka da sandar sama. Ka hau ka zaga, ka shigar da kowace giya, ka taka birki da ƙarfi.

Gargaɗi: kada ka bar wurin ba tare da takardar shaidar saye ba, mai ɗauke da lambar da aka buga a ƙasan keken, a inda feda ke juyawa. Ita za ta raba ka da zargi a shingen binciken hanya, ita kuma za ta kare ka daga sayen kayan sata.

Bayan saye, kai shi wurin makanike a kwance boris na ƙafafu da na wuya da na feda, a wanke a cika da sabon giris, a canza wayoyin birki da na giya da robobin birki, ko da mai sayarwa ya rantse an yi jiya.

Mataki na 5: Taya da maganin ƙaya

A nan ne tafiya ke daɗi ko ta ɓaci. Abin da ya fi tsayar da mai keke a ƙasar Damagaram shi ne ƙaya: tsidau da ke kwance a gefen kwalta, ƙayar aduwa mai tsawo da ke shiga taya har ta fito ta ɗaya gefen tub, ta bagaruwa da ta magarya da ta gawo da ke zube a duk inuwar da za ka so ka huta. Ƙarangiya ta fi damun wando da safa da tabarma, amma ita ma tana samun tsohuwar taya da ta yi laushi.

Sayi sababbin tayoyi biyu masu faɗin inci 1.95 zuwa 2.1, masu kaurin roba a tsakiya, waɗanda zanensu bai yi manyan ƙusoshi ba. Mai manyan ƙusoshi ta laka ce, a kan kwalta ƙara take yi tana jan ƙafa. Idan ka dace da irin su Schwalbe Marathon, waɗanda aka yi musu shimfiɗar tare ƙaya a ciki, sun cancanci kuɗinsu. Idan ba su samu ba akwai dabarar masu gyara: a sami tsohuwar taya da ta yi sumul, a yanke gefunanta biyu masu waya, a cire duk ƙayar da ta maƙale mata, a shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin a sa tub. Tana ƙara nauyi, amma tana tare mafi yawan tsidau. A goge bakin yankan ya yi laushi, in ba haka ba shi da kansa zai ci tub ɗin.

Karanta lambar da ke gefen taya kafin ka biya. Za ka ga abu kamar 50-559, lambar farko faɗi ce, ta biyu kuma girman rim ne a milimita, kuma 559 ita ce inci 26 ta keken dutse. Masu baƙin keke da kekunan Turai na birni su yi hattara, domin iri biyu ne ake kira 28, akwai mai 635 akwai mai 622, kuma ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗaya. Tub kuma a zaɓi mai bawul irin na mota da babur, domin duk mai ba da iska a bakin hanya zai iya hura shi. A duba ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim, idan ya yage a sake shi.

Iska tana bin hanya. A kan kwalta a cika gwargwadon abin da aka rubuta a gefen taya, a rairayi a rage kaɗan domin taya ta baje ta hau kan yashi, a mayar da zarar an dawo kwalta.

Gargaɗi: duk lokacin da ka yi faci, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka gano ƙayar ka cire ta. Wanda ya mayar da tub ba tare da haka ba zai sake saukowa kafin ya yi nisa. Kuma idan za ka sauka daga kwalta zuwa inuwa, ɗaukar keken ko tura shi kana kallon ƙasa ya fi shiga a guje.

Mataki na 6: Sirdi da kan keke

Ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ka ɗaga sirdi har ƙafar ta miƙe sosai. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa, wannan shi ne daidai. Yawancinmu mun saba da sirdi a ƙasa domin mu taka ƙasa muna zaune, kuma wannan sabo shi ke kawo ciwon gwiwa a yini na biyu. Kada a ɗaga sandar ta wuce layin iyaka da aka zana mata. Sirdi mai laushi da yawa daɗinsa na rabin sa'a ne, daga baya ya riƙa gurzar cinya. Mai ɗan tauri da ya yi daidai da faɗin ƙasusuwan zama ya fi, kuma a ajiye shi a miƙe, kada hancinsa ya ɗaga. Kan keke, wato inda ake riƙewa da hannu, ya yi daidai da tsawon sirdi ko ya ɗan fi shi, a kuma ƙara masa ƙahoni biyu a gefe domin hannu ya riƙa sauya wuri.

Mataki na 7: Kariya da jakunkuna

Nemi kariyar ƙarfe mai ƙafafu biyu ko uku a kowane gefe, wadda ake ɗaurewa da noti a wuri huɗu. Masu kyau ana buga musu nauyin da suke ɗauka, galibi kilo 25. Wadda ke maƙale a sandar sirdi kaɗai ba ta wannan aiki ba ce. Masu walda a gari za su iya ƙera maka, ka dai tsaya a kansu su yi amfani da siririn bututu maimakon rodi, su kuma sa ƙarfen da zai hana jaka shiga cikin ƙafa.

Jakunkunan gefe na kamfani suna da tsada kuma ba kullum ake samunsu ba. Tela mai ɗinkin tamfol zai yi maka biyu haɗe da juna da za a ɗora kan kariya su sauko ta kowane gefe, a sa musu falle mai tauri a bayansu, a yanke kusurwar gaba ta ƙasa domin kada dunduniya ta riƙa dukansu. Wasu kuma jarka biyu ta lita 10 suke yanke wa baki su ɗaure, abin da ke hana ƙura da ruwa shiga.

Ƙa'idar lodi ita ce mai nauyi a ƙasa kuma kusa da tsakiyar ƙafa, gefen dama da na hagu su yi daidai, sannan a kai wani kaso gaba, ko da kwando ne ko jakar da aka ɗaure a hannun keke, domin keken da aka tara wa kaya duka a baya gabansa rawa yake yi a gangara. Kayanka ban da ruwa kada su wuce kilo 15. Robar tsohon tub da aka yanka tsiri-tsiri ta fi igiya riƙe kaya, kuma kyauta ake samunta.

Gargaɗi: kada ka goya jaka a baya. Zufa da ciwon kafaɗa za ta jawo maka, ta kuma ƙara wa mazaunai nauyi. A kula da bakin roba ko igiya da ke lilo kusa da ƙafa.

Mataki na 8: Ruwa

Lita guda kilo guda ce, don haka ruwa ne kaya mafi nauyi da za ka ɗauka, kuma shi ne wanda ba a rage shi. Ko a lokacin sanyi ka lissafa lita 5 zuwa 6 na sha a yini, idan zafi ya fara shigowa ka kai 8 ko fiye, sannan ka ƙara na alwala da na girki, wanda sababbin matafiya kan manta da shi. A hanyar Tasawa garuruwa na kusa da juna, ana iya cikawa a kai a kai. Ta wajen Tanut da bayan Gidigir tazara na ƙaruwa, don haka ka tambayi mutanen gari inda ruwa na gaba yake kafin ka tashi, ka kuma riƙe lita 2 da ba ka taɓawa sai dole.

Raba ruwan gida-gida: gora biyu a jikin keke inda hannu zai kai, sauran a jarkoki ƙanana biyu, ɗaya a kowane gefe. Jarka babba guda idan ta huje ka rasa duka, kuma idan ta yi rabi ruwan na kaɗawa yana karkatar da keke. A naɗe gora da tsumman buhu a jiƙa shi, iska za ta sanyaya ruwan. Ruwan rijiya ko na tabki a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs bisa ma'aunin da ke jikin takardarta, a jira minti 30. Ka riƙe ƙunshin gishirin zawo na kanti, in kuma babu, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta.

Gargaɗi: ciwon kai, jiri da fitsari mai duhu alamu ne na ƙarancin ruwa a jiki. A nemi inuwa nan take, kada a ce bari a ƙarasa gari. Tashi bayan sallar asuba da yada zango daga hantsi ya ɗaga sosai har zuwa la'asar shi ya fi rage shan ruwa.

Mataki na 9: Kayan gyara

Famfo da ka gwada a kan bawul ɗinka, tub biyu, faci da sholisho sabo wanda bai bushe ba, 'yar takardar gurza, ƙarafan cire taya, sufana mai lamba 15 ta notin ƙafa da feda tare da 8 da 10, makullai masu kusurwa shida na milimita 4 da 5 da 6, filaya, sukundireba, abin yanke sarƙa da 'yan ƙwayoyinta, wayar birki da ta giya, wayoyin ƙafa huɗu daidai tsawon naka, notuna na kariya, da ɗan mai a kwalba. Ka koyi faci da haɗa sarƙa a gida kafin ranar buƙata. A bar sholisho ya sha iska har ya daina ƙyalli kafin a manna faci. Fedar hagu kuma a juye take kwancewa, da yawa sun lalata zarenta saboda rashin sanin haka.

Gargaɗi: mai da yawa a sarƙa yana tara ƙura ya zama abin da ke cin ƙarfe. A ɗiga kaɗan, a juya feda, a goge na waje da tsumma.

Mataki na 10: Wurin kwana da girki

Ba lallai ne ka sayi tanti ba. A lokacin rani sange, tabarmar roba, ƙaramin tamfol da bargo sun isa, kuma sangen ya zama dole musamman a wurare masu ruwa da lambuna irin Gidimuni. Daren Disamba da Janairu a fili yana da sanyin da mai kwana a ɗaki bai sani ba, don haka a haɗa da rigar sanyi, hula da safa. Wanda zai sayi tanti ya nemi mai tsayawa da sandunansa ba sai an kafa turaku ba, domin turke ba ya riƙe rairayi, kuma a wuraren duwatsu ba ya shiga ƙasa. Ya zama mai raga a ciki da rufi na daban, ya kuma gwada zif ɗinsa sau da yawa, tunda shi ƙura ke fara kashewa. Katifar da ake hurawa ba ta kwana biyu a ƙasar ƙaya, falle na soso mai tauri ya fi ta.

Mafi alheri shi ne ka isa ƙauye kafin magariba ka nemi gidan maigari, ka yi sallama, ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, matafiyi ne daga Damagaram, dare ya yi mini, ina neman inda zan shimfiɗa tabarma zuwa asuba." Galibi za a nuna maka zaure ko harabar masallaci. Ɗan ganyen shayi da sukari ko goro da za ka miƙa ya fi kuɗi mutunci. Idan dole ta sa ka kwana a daji, ka nisanci bakin kwalta, bakin rijiya inda garke ke sauka, burtali, da cikin ƙorama ko da a bushe take. Share wurin da reshe kafin ka shimfiɗa, ka haska da tocila saboda kunama da kububuwa, da safe kuma ka kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa.

Girki kada ya zama kaya. A garuruwan kan hanya akwai fura, shinkafa da wake, biredi da shayi. Guzurin jaka ya zama abin da ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, garin rogo da sukari, taliya da gwangwanin kifi. Ƙaramar tukunya guda, cokali, wuƙa, ashana, da ɗan murhun waya irin na masu shayi tare da ƙullin gawayi sun wadatar.

Gargaɗi: bayan kaka ciyawa a bushe take, kuma gobarar daji na cinye abincin dabbobin jama'a. A hura wuta a kan rairayi tsirara, a binne ta sarai kafin a kwanta. Kada a shigar da garwashi cikin tanti domin jin ɗumi, hayaƙinsa na kisa cikin barci.

Mataki na 11: Tsaro a kan hanya da takardu

Fitila fara a gaba, ja a baya, madubi a hannun hagu, ƙararrawa, da hular kwano ta keke. Madubin ya fi komai amfani, domin manyan motoci da bas-bas na gudu a hanya mai lamba 1, a hanyar Tanut kuma akwai tankokin da ke zirga-zirga zuwa matatar mai ta SORAZ. Idan ka hango babbar mota a baya wata kuma na tahowa ta gaba, sauka gefe ka ba su wuri. Kada a yi tafiyar dare. Sa tufafi masu haske da dogon hannu, rawani ko ƙyalle na rufe hanci saboda ƙura, tabarau, a kuma ɗaure ƙafar wandon dama kada sarƙa ta kama. Katin ɗan ƙasa da takardar keke su zauna cikin leda a jikinka, kuɗi a raba wuri biyu kuma a nemi canji ƙanana. Layin waya biyu na kamfanoni daban-daban, batirin ajiya na caji, maganin ciwon kai, bandeji da maganin wanke rauni su cika jakar gaba. Ka bar wa wani a gida tsarin tafiyarka, ka riƙa kiransa kowace yamma.

Mataki na 12: Gwaji kafin ranar tashi

Mako biyu kafin tafiya, loda keken da duk abin da ka shirya, har da cikakken ruwa, ka tafi Mirriya ka kwana ka dawo. Tazarar ba ta da yawa, idan wani abu ya karye mota za ta dawo da kai. Ka saurari keken a hanya: inda ke ƙara, inda jaka ke taɓa dunduniya, ko gaba na rawa idan ka saki gudu. Ka kafa sange ko tanti da hasken tocila, ka dafa abin da ka ce za ka riƙa dafawa, ka lura da yawan ruwan da ka sha.

Da ka dawo, zazzage jakunkunan a tabarma ka ware duk abin da ba ka taɓa ba, ban da kayan gyara da magani, ka bar shi a gida. Bi kowane noti na kariya da sufana, domin su ne ke fara saki, ka mayar da keken wurin makanike ya sake ɗaure wayoyin ƙafar baya da kaya suka sassauta. Idan sirdi ya dame ka, yanzu ne lokacin canza shi, sannan ka sake yin wani gwajin zuwa Takeita da sabon kafin ranar tashi.